TAFIYARMU KATAGUM, GARIN DA SUNANSA YA TASHI YA BAR SHI

Ina roƙon a ba ni fili in kawo ɗan abin da na gani da wanda na karanta game da ƙasar Katagum, domin na lura mu da yawa a nan Badun daga can iyayenmu suka taso. Ka duba littafin rajistar ƙungiya, za ka ga wane Azare, wane Shira, wane Gamawa, wane Chinade, wane Katagum. To amma ka tare ɗaya daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a nan ka tambaye shi ina ne Katagum, in ya yi ƙoƙari ƙwarai ya ce maka ai Azare ce. Ba laifinsa ba ne, don ko a takardun gwamnati haka abin yake. Ƙaramar hukumar Katagum hedkwatarta Azare, fadar Sarkin Katagum tana Azare, shi kuwa ainihin garin da ake kira Katagum yana can arewa, tafiyar mil 40 da ɗoriya, kuma shi ne hedkwatar wata ƙaramar hukuma dabam mai suna Zaki. Wato gari yana nan inda aka kafa shi, sunansa ya tashi ya koma wani wuri. Yadda aka yi haka ta faru shi ne abin da nake so mu duba, don akwai abin da ya shafe mu a ciki, mu mazauna zango masu cin abinci a bakin hanya.

A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce na kwashi iyalina, Hajiya da yara huɗu, da ƙanena wanda shi ne ya riƙe mana tuƙi, muka nufi gida. Rabona da can tun rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yaran kuwa biyu daga cikinsu ba su taɓa haye kogin Kwara ba. Ba zan cika ku da labarin Ilori da gadar Jabba ba, wannan hanya kowa a cikinmu ya san ta kamar yunwar cikinsa. Kwana biyu muka yi kafin mu isa Kano. Washegari bayan sallar asuba muka kama hanyar Maiduguri, muka wuce Wudil da Shuwarin da Kiyawa, hantsi na duban ludayi muna Jama'are.

A bakin gada muka tsaya. Na ce wa yara su dubi kogin nan da kyau, don za mu sake gamuwa da shi. Shi ne ake kira Bunga a can sama. Daga duwatsun wajen Jos yake tasowa, ya ratso ƙasar Bauchi, ya wuce Jama'are, ya bi ta gindin tsohuwar Katagum, sannan ya haɗu da kogin Haɗeja su zama Komadugu Yobe, su nufi tafkin Chadi. Kusan duk tarihin da zan ba ku a bakin ruwan nan ya faru.

Azare dai ba ta buƙatar dogon bayani. Gari ne mai hada-hada, tireloli na wucewa dare da rana tsakanin Kano da Fataskum da Maiduguri, ga babban asibitin tarayya, ga kwalejin ilimi da aka sa wa sunan marigayi Aminu Saleh, ga jami'ar tarayya ta kimiyyar lafiya da aka kafa a 2021. Muka sauka gidan dangi, da la'asar muka zaga ta ƙofar fada. Sarkin da ke kan gado, Alhaji Umar Faruk na Biyu, ya hau ne a 2017 bayan rasuwar mahaifinsa Alhaji Muhammadu Kabir Umar, wanda ya riƙe sarautar tun 1980. Babban ɗana ya ce, "Baba, ashe nan ne Katagum ɗin." Na ce masa a'a, nan gidan da Katagum ta ƙaura ta dawo ne, jibi in Allah Ya kai mu za ka ga kufan sarautar.

Kafin nan sai da na kai su Shira, kudu maso yamma da Azare, don a can ya kamata a fara. Kafin jihadin Shehu, ba Katagum ba Azare a bakin mutane, sai Shira da Tashena da Auyo. Tarihin baka ya ce waɗansu 'yan'uwa uku ne da suka taso daga Bagarmi suka kafa garuruwan nan uku, kuma sun daɗe suna bin Borno. Mutum yana tafe cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai kawai ya ga duwatsun Shira sun tsaya a gabansa, manya-manya, wani bisa wani kamar an ɗora da hannu. A jikin waɗansu akwai zanen shanu da mutane da jan launi, aikin mutanen da suka riga Shirawan kansu ko suka zauna tare da su, kuma hukumar kayan tarihi ta ƙasa ta sa wurin cikin waɗanda take karewa. Yara suka yi ta hawa da sauka, Hajiya tana ta salati daga ƙasa.

Abin da ya tsaya mini a rai a Shira ba duwatsun ba ne. Shirawa da Tashenawa da Auyokawa suna da harshensu na kansu, kuma yau babu sauran mai magana da shi, Hausa ta haɗiye shi sarai. Mutanen suna nan, jikokinsu suna nan, harshen ne ya tafi. Ina cikin wannan tunani sai na ji autata tana kiran yayanta daga kan dutse, rabi Yarbanci rabi Turanci. To, mu ci gaba.

Rana ta uku muka kama hanyar arewa. A tasha in kana neman motar tsohon garin, "Zaki" za ka ce a fi saurin gane ka. Ba mu yi nisa da Azare ba muka iso Gadau. Yaran yanzu in an ce Gadau jami'a suka sani, wadda gwamnatin jihar Bauchi ta buɗe a 2011, yanzu kuma ake kiranta da sunan Malam Sa'adu Zungur. Amma tun kafin a haifi iyayenmu sunan Gadau ya shiga littattafan likitoci har Ingila, kuma ƙudan tsando ne ya kai shi.

Wanda ya taɓa harkar shanu ya san tsando. Shi ne ke sa wa dabba sammore, ta yi ta ramewa har ta faɗi, shi ne kuma ke sa wa mutum ciwon barci. Mahaifina da ƙuruciyarsa ya yi koren shanu da ƙafa daga arewa zuwa nan Badun, ya kuma sha gaya mana yadda suke sauri in sun shigo kurmi, don kowane kwana da aka ƙara asara ce. A farkon zamanin Turawa bakin kogin Jama'are da rassansa duhuwa ce, cike da namun daji, tsando kuwa nan ne gidansa. Saboda haka a shekarun 1920 gwamnati ta kafa sansanin binciken tsando a Sharifuri, cikin ƙasar Katagum, ƙarƙashin waɗansu Turawa biyu, Jonson da Loyid. Daga baya aka mai da tashar Gadau, aka gina ɗakunan gwaje-gwaje.

Sun gwada dabaru iri-iri. Sun kewaye wani yanki na daji da shinge don su hana namun daji shiga, su ga ko ƙudan zai mutu da yunwa. Sun gwada jinkirta ƙunar daji har ciyawa ta bushe ƙayau, don wutar ta yi ƙarfi. Sun gwada sare duhuwar bakin rafi. A 1933 wani mai suna Dakta Nash ya zo Gadau, ya zauna yana auna zafi da laima yana ƙirga ƙuda, wata bayan wata. Abin da ya tabbatar shi ne, a ƙasa irin tamu tsando ba ya iya jure zafin bazara a sarari. In rana ta ƙwalle sai ya gudu ya laɓe cikin inuwar duhuwar bakin ruwa, kuma da wannan 'yar inuwa yake tsira har damina ta faɗi. Ka sare duhuwar, rana da kanta za ta gama maka aikin. Ka ji fa, abin da ya gagari shinge da wuta, gatari ya yi maganinsa. Da ilimin da aka samo a Gadau aka je aka yi babban aikin Anchau a ƙasar Zazzau, inda aka tashi mutane aka gina musu sabon gari mai suna Takalafiya.

Kada dai mai karatu ya ɗauka Turawan ne suka riƙe gatarin. Talakawa ne suka yi saran, bisa umurnin da ya biyo ta hannun hakimi da dagaci, kuma ba shawara aka yi da su ba. Haka nan in ma'aikatan ciwon barci suka zo gari, kowa da kowa ake fitarwa a jera, ana taɓa wuya ana neman kaluluwa. Ni a ganina ba don Allah Bature ya yi ba, don mai barci ba ya noma gyaɗa, ba ya kuma biyan haraji. Amma gaskiya ɗaya ce, cutar ta ja baya, kuma fadamun da da ake tsoro yau su ne ake noman shinkafa a ciki. Kowa ya auna da ma'auninsa.

Daga Gadau zuwa gaba ƙasar sai ta buɗe. Yaranmu na nan sun saba da kurmi da tudu da gangare, ba su taɓa ganin inda ido zai yi tafiya har ya gaji bai ci karo da komai ba. An riga an girbe gero da dawa, karan yana jingine a gindin itatuwa, rumbuna sun cika. Kuka ta zubar da ganye tsirara, 'ya'yanta na reto. Gawo kuwa, mai saɓa wa 'yan'uwansa, lokacin ne ya yi kore shar, shanun Fulani na kwance a inuwarsa, balbela na bin su. Da muka ƙara matsawa arewa sai goruba ta fara yawa, ƙasa ta koma rairayi. Muka tsaya wata 'yar kasuwar bakin hanya muka sha fura da nono a ƙwarya, Hajiya ta sayi kuka da kuɓewa busasshiya da bandar kifi kamar za ta buɗe shago. Hazo ya rufe rana, sanyi yana kaɗawa har tsakar rana. Can sai ga fadama, kore shar da noman rani, injinan ban ruwa na ta ƙara, masunta na gyaran koma. Muka haye kogin da muka bari a Jama'are, muka shiga Katagum.

Gari ne mai natsuwa. Akwai sakatariyar ƙaramar hukuma, da kasuwa, da makarantu, amma ba za ka ji rugugin manyan motoci irin na Azare ba. Bayan azahar muka gaida wani dattijo a ƙofar masallaci, wanda ya san kakanmu. Na ce, "Baba, jikokinka na kawo su ga gida." Ya ce, "Madalla ɗana, ai ka kyauta. Mutanen kudu sai an yi rasuwa ake ganinku." Ya sa sandarsa yana nuna mana ta inda ganuwa ta bi, yana kiran sunayen sarakuna ɗaya bayan ɗaya ba tuntuɓe, yara suka yi tsit.

Wanda ya kafa garin shi ne Malam Ibrahim Zaki. Mahaifinsa Malam Lawan baƙo ne, malami, ya taso daga gabas ya zauna a Yayu kusa da Chinade. A lura da wannan, gidan sarautar Katagum kansa ɗan baƙo ne ya kafa shi. Malam Zaki ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu wajen 1807, ya ci Shira da Tashena, ya zauna Tashena na wani lokaci. Bayan an kashe Gwani Muktar, wanda ya fara cin Birnin Gazargamu, Malam Zaki ya sake kai yaƙi ya shiga babban birnin na Borno, ko da yake bai daɗe a ciki ba ya janyo. Daga nan sarakunan Katagum suka samo laƙabin Sarkin Borno. Kafin rasuwarsa a 1814 ya kafa wannan gari a arewacin kogi. Duk wanda ya dubi wurin ya san ba don daɗin zama aka zaɓe shi ba. Ribaɗi ne, an dasa shi a bakin iyaka yana fuskantar Borno, ruwa da fadama suna tsare masa gefe, kuma babbar hanyar fatake daga Kukawa zuwa Kano ta nan ta bi.

Allah Ya sa muna da shaidar wanda ya ga garin da idonsa yana kan ganiyarsa. Waɗansu Turawa uku sun taso daga Tarabulus suka ratso hamada suka iso Kukawa a 1823. Ɗaya, Manjo Denham, ya tsaya Borno. Biyu suka biyo ayari zuwa ƙasar Hausa a watan Disamba na wannan shekara: Kilapaton, hafsan sojan ruwa, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdullahi, da likita Dakta Udni. A hanya hunturu ya kama su, har suka rubuta cewa wata safiya sun tashi sun tarar ruwa ya daskare a salka. Da na gaya wa yara haka ba su yi musu ba, don su ma a lokacin haƙoransu na haɗuwa. Ran 2 ga Janairu 1824 suka iso Katagum, a zamanin sarki na uku, Muhammadu Ɗankauwa, ya kuwa karɓe su hannu bibbiyu.

Kilapaton ya ce tun da suka bar Tarabulus bai ga gari mai ƙarfin tsaro kamar wannan ba. Garin murabba'i ne, ƙofofi huɗu, ganuwa biyu ɗaya cikin ɗaya, kowace tsawonta ƙafa 20, kaurinta a gindi ƙafa 10, ga gwalalo uku. Ya ƙiyasta mutanen ciki 7,000 zuwa 8,000, ya kuma ce ƙasar tana iya fitar da dawaki 4,000 da dakaru 20,000. Abin da ake ciniki hatsi da shanu da bayi. Na faɗi na ƙarshen don haka yake a rubuce, kuma tarihi ba a yi masa kwalliya. Ya ba da labarin yadda Ɗankauwa ya nemi ya ga harbinsa, ya harba sau biyu bai kuskure ba, sarki ya yi ta'awwuzi, sannan ya yafa masa riga.

Amma ni ɗan kasuwa, abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninsa shi ne maganar kuɗi. Ya ce a Katagum ne suka fara ganin ana ciniki da wuri. Duk tafiyarsu daga Borno, da gabaga ake saye da sayarwa, wato 'yan ƙyallayen saƙi, ko kuwa a yi musaya. Ku tsaya ku yi tunanin wannan, 'yan'uwa. Ashe Katagum iyakar kuɗi biyu ce, kamar yadda Illela ko Seme suke a yau tsakanin naira da sefa. Duk bafataken da ya fito gabas dole ya sauke a nan ya juya abin hannunsa, wanda ya fito Kano ma haka. Inda ake sauke kaya kuwa, nan fatoma yake ci, da dillali, da mai awo, da mai tuwo, da mai ciyawar jaki. Irin cin abincinmu ke nan sak. Ganuwa ta tsare garin, amma hanya ce ta ciyar da shi.

Dakta Udni dama da ciwon ƙirji ya iso, duk da haka yana duba marasa lafiya. Suka tashi za su Kano, ba su yi nisa ba jikinsa ya ƙi. Ran 12 ga Janairu 1824 ya mutu a Murmur, aka binne shi a gindin wata itaciya, Kilapaton ya sa aka kewaye kabarin da katangar laka saboda kuraye, ya kuma yanka tumaki biyu aka raba wa mabukata. Da ya dawo daga Sakkwato, inda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya tarar waɗansu 'yan ayari sun rushe katangar sun hura wuta a wurin. Ya fusata har ya ɗaga hannu ya doki mai garin. Wannan fa shekara 79 ke nan kafin Turawa su ci ƙasar, baƙo ne mai cin arzikin sarki, amma ka ga halin tun daga nan. Murmur tana nan har yau cikin ƙaramar hukumar Zaki, har mazaɓu biyu ake kira da sunanta.

Ganiyar ba ta daɗe ba. A ƙarshen 1826 Shehu Laminu na Borno ya taso da runduna ya nufo Kano, sai da mutanen Katagum suka fice suka bar garin, har Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi a Fake a farkon 1827, ya koma. Ɗankauwa ya dawo ya ci gaba da mulki zuwa 1846. Bayansa kuma sai ga fitinar Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye, ya yi shekaru yana kai hari ƙasar Katagum yana kwashe mutane da dukiya, har ya rasu a 1863. Duk da haka garin bai faɗi ba, don duk wanda ya ci yaƙi, ayari dai ta nan zai bi.

Abin da mashi bai yi ba, alƙalami ya yi. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903, Katagum ta bi ba tare da yaƙi ba, suka kafa bariki a nan, daga nan suke sa ido kan Haɗeja wadda ta ƙi sakin jiki, har aka yi yaƙin 1906 inda Sarkin Haɗeja Muhammadu ya yi shahada. Da Haɗeja ta faɗi, Borno ma tana hannunsu, sai ya zama babu sauran iyakar da za a tsare. Ribaɗi kuwa in babu abokin gaba me ya rage masa? Abubuwan da suka sa Malam Zaki ya zaɓi wurin, su ne suka zama aibinsa a idon Bature. Garin yana can gefen arewa na ƙasar, nesa da yawancin masu biyan haraji. Ruwan da ke hana dawakin abokan gaba isowa, shi ne ke hana Joji fita rangadi da damina. Ga sauro, ga tsando. A 1916, zamanin Sarki Abdulƙadir na Uku wanda ya yi sarauta daga 1909 zuwa 1947, aka ɗauke hedkwata aka mai da ita Azare. Sarki ya tashi, alƙali ya tashi, baitulmali ya tashi, fadawa da malamai da 'yan kasuwa suka bi. A 1926 kuma aka cire ƙasar daga lardin Kano aka haɗa ta da lardin Bauchi.

Sannan hanya ita ma ta tashi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka ja reshe ya bi ta ƙasar Haɗeja ya isa Nguru a 1930, ya janye kayan Borno ta arewa. Hanyar mota ta Kano zuwa Maiduguri ta bi ta kudu. Kuɗin Bature ya kashe wuri da gabaga gaba ɗaya, ba sauran canji. Katagum ta zauna a tsakiya, hagu jirgi, dama mota, ba mai sauke kaya a ƙofarta. Ba a ƙone ta ba, ba a rushe ta ba. Waɗanda suka zauna su ne masu gona da masu koma, waɗanda abincinsu ke cikin ƙasa da ruwa.

Yanzu ku dubi shekarar nan da kyau, 1916. Ita ce shekarar da aka kafa wannan Sabo tamu. Kafin nan kakanninmu a warwatse suke cikin gari a gidajen Yarbawa, hukuma ta yanka musu fili ta ce su koma can. Shekara guda, hukuma guda, ta rage wani gari ta kafa wani. Kuma mu ma a kan hanya aka kafa mu, hanyar goro mai hawa da ta shanu mai gangarowa. Dattawa sun san lokacin da kowane babban gida a unguwar nan yake cike da baƙi, maigida yana saukar da fatake, yana tsaya musu a ciniki, yana ajiye musu kuɗi. Yau mai shanu yana Fataskum zai yi ciniki ta waya, a tura masa kuɗi ta banki, tirela ta wuce mu da dare ba ta ko rage gudu ba. Mun ga an tashi kara daga Bodija an kai Akinyele. Mun ga abin da ya biyo bayan rikicin Shasha a watan Fabrairu 2021, yadda 'yan'uwa da yawa suka kwashe rumfunansu. Ban ce Sabo za ta zama kufai ba, Allah Ya kiyaye. Na dai ce na tsaya a garin da ya taɓa fitar da dawaki 4,000, na ga akuya tana kiwo inda dattijo ya ce nan ƙofa take. Azare ma da ta gāji sarautar, in ka duba, abin da ke riƙe da ita yanzu bai tsaya ga fada da tasha ba, akwai asibiti da makarantun da ke jawo mutane su zo su zauna shekara da shekaru. Wannan magana ce da ya kamata kwamitin ilimi na ƙungiya ya zauna a kanta, ba a bar ta ga masu rubutu a mujalla ba.

Shawarar da zan kawo gaban taro mai zuwa ita ce ƙungiya ta ɗauki hayar bas guda a hutun Disamba, a kwashi yaran da suka kai shekara 12 zuwa sama, waɗanda iyayensu suka fito wannan yanki, tare da dattawa biyu ko uku da malama mace saboda 'yan mata. Kada a yi da damina, fadama ba ta da tabbas. A kwana Kano, a yi kwana uku a Azare, rana ɗaya Shira, rana ɗaya Gadau da Katagum, a fita da sassafe don a dawo kafin magariba. Masauki ba zai yi wuya ba, kusan kowa yana da dangi a can, ni kaina na yi magana da namu sun ce gidansu zai ɗauki goma. Kowane yaro ya riƙo bargo da rigar sanyi, da littafin rubutu don ya rubuta abin da tsofaffi za su faɗa, da Hausa. Kuma a fara aika wa hakimai da takarda kafin a je, kada a faɗa wa mutane gari kamar 'yan yawon buɗe ido. Goron gaisuwa kuwa na ɗauka, ƙwarya huɗu daga rumfata, fari biyu ja biyu.